Tashar da Ba a Fasa wa Kabewa Ba

Duk wanda ya taɓa aiki a Tarapuri, ko da na riƙon fitila ne, ya san Sugunamma. Yaran yanzu Awwa suke ce mata, wato kaka, amma tsofaffin ma'aikata har gobe Mai Kabewa suke kiranta, kuma wannan sunan ya fi yi mata daɗi. Gajeriya ce, baƙa, da ɗan zoben zinariya a hanci, ga murya. In ta ƙwala wa mijinta kira daga bayan tasha, sai ka ga masu gadin babbar ƙofa sun waiwayo.

A nan aka haife ta, tun wurin bai da suna. Duwatsu ne jibga-jibga, wani kan wani kamar da gangan aka ɗora su, sai ƙaya, sai awakin ubanta. Haidarabad a lokacin nisa gare ta, sai mutum ya yi sammako ya tari motar madara. Uban yana da 'yar gona a gindin wani dutse. Dawa takan yi in damina ta yi kirki. Farar kabewa kuwa ba ruwanta da kirkin damina, in dai akwai kashin awaki za ta yi.

Ranar da mutanen fim suka zo da igiyoyin awo, 'yan ƙauye sun zaci madatsar ruwa za a gina. Da aka ce musu gari ne za a yi wanda ba mai kwana a cikinsa, suka yi dariya har da riƙe ciki. Aka sayi filayen, aka mayar da ƙauyen bayan katanga, kafin damina ta zagayo sai ga fadar sarki ta tsiro a inda ake shanya barkono. Sugunamma tana budurwa a lokacin. Ta lallaɓa ta zagaya bayan fadar don ta ga ɗakunan matan sarki, ta tarar ba komai sai katakan da aka tokare bango da su, da wani kafinta yana sharar barci.

Ta dawo gida ta ce wa uwarta, "Inna, sarkin nan fuska kawai gare shi."

Masu fim a ƙasar nan suna da al'adu biyu da ba sa wasa da su. Ranar farawa a fasa kwakwa a gaban kyamara. Ranar gamawa kuwa, bayan ɗauka ta ƙarshe, a kawo farar kabewa, a huda ta, a zuba mata jan gari, a kunna kafur a kanta, a zagaya kan jama'a da ita don ta kwashe duk bakin da aka yi wa aikin, sannan a maka ta da ƙasa. Shi ya sa in ɗan fim ya ce maka sun fasa kabewa, ba miya yake nufi ba, an gama ke nan. Kafin kabewa ta fashe kuma, babu kafintan da zai zare ƙusa daga ginin da aka yi fim ɗin a ciki. Ko mai gida ne ya ba shi umarni, sai ya ce cikinsa ya murɗa.

To, ranar da aka gama fim na farko a Tarapuri, wanda aka aika birni sayo kabewa ya mance. Darakta ya zauna a kujera ya ce ba mai motsawa. Aka tura wani lebura dogo, siriri, mai suna Mallesham, ya nemo ko a ina ne. Yana fita ƙofa sai ga yarinya da kabewa a ka, za ta kai wa gwaggonta.

Ya ce, "Ke 'yar awaki, ta sayarwa ce?"

"Ta gwaggona ce."

"Gwaggonki za ta iya jira. Darakta ba zai iya ba."

"To darakta ya shuka tasa."

Ya roƙa, ya lallasa, ya ce aikinsa ne a bakin ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ga wuyansa kamar na zalɓe, ta ji tausayi, amma ba ta yarda ta ba shi a hannu ba. Ta biyo shi har gaban fadar nan mai fuska kawai. Tana tsaye tana jiran ta ga tukunyar da za a dafa a ciki, sai ta ga an kunna wa kabewarta wuta an ba dogon nan, ya ɗaga ya buga ta da ƙasa, jama'a suna ta tafi. Ta dafe kai.

Ta ce, "Abinci fa ne. Ku duk nan ba mai uwa a gida?"

Fim ɗin ya karɓu, ya daɗe ana nuna shi a birni. Masu fim kuwa, in abu ya yi kyau sau ɗaya, ko takalmin da suka sa ranar ba sa canzawa. Daga nan kowane darakta ya ce shi kabewar yarinyar nan yake so, kuma dogon nan ne zai fasa. Haka aka raba musu aiki tun ba su san za a raba musu ɗaki ba: ita ta shuka ta zaɓa, shi ya fasa.

Ba a daɗe ba aka gina tashar jirgin ƙasa saboda wani fim na soja. Ita ma fuska ce kawai, da agogon da aka zana da fenti, da ɗan guntun dogo, da tarago guda wanda ba shi da inji. In ana son jirgi ya tashi sai a ƙona jiƙaƙƙen ciyawa don hayaƙi, ƙarti su turo daga baya inda kyamara ba ta gani. Mallesham ne shugaban masu turi, kuma yana ji da muƙamin. Abin da ya fi komai daɗi a wurin Sugunamma shi ne, ba tare da kowa ya lura ba, an kafa tashar daidai kan gonar ubanta. Dutsen nan yana nan a bayanta.

An ɗauki komai na fim ɗin, saura abu ɗaya. Jirgi zai tashi, wata mai tallar gwaiba ta biyo shi da gudu, ta miƙa wa soja guda ta taga, ta ce, "Ka sauka lafiya, ɗan'uwa." An riga an ɗauki fuskar jarumin, hannu kawai ake bukata a taga. Wadda aka shirya za ta fito a mai gwaiba ba ta zo ba. Darakta ya waiwaya ya ga Sugunamma zaune da kabewar rufe aiki a cinya, ya ce a ba yarinyar nan koren zanen sari ta fito a mai gwaiba.

Ta sa sari, aka shafa mata hoda, ta yi ta maimaita maganar nan a bayan tasha har bakinta ya bushe. Sai ruwa ya sauko. Ana zaman jiran ya ɗauke, mai fim, wato mai kuɗin, da darakta suka shiga gardama a kan ko sojan zai dawo daga yaƙi ko zai mutu a can, don duka biyun an ɗauka. Mai fim ya ce matarsa ba ta son fim mai mutuwa. Darakta ya ce ba matarsa yake yi wa fim ba. Kafin ruwa ya tsaya kowa ya rantse, kowa ya shiga motarsa. Sugunamma ta tuɓe sari ta ninke, ta ɗauki kabewarta ta koma gida, aka yi miya da ita.

Tasha kuwa ta zauna. Ba a fasa mata kabewa ba, don haka ba mai taɓa ta. Sauran gine-gine suna zuwa suna tafiya, yau kurkuku, gobe kotu, jibi gidan attajiri, ita tana nan da agogonta da bai taɓa motsi ba.

Bayan an yi bikinsu da Mallesham, Sugunamma ta roƙi shugaban kafintoci ya bar ta ta yi shuka a bayan tashar, tunda ba mai kallon baya a garin nan. Ya ce ta yi. Ta riƙa ɗauko kashin awaki a kwando daga ƙauye, da tokar murhu, da ɓawon kayan miya daga kicin ɗin 'yan fim, shekara da shekaru, har jar ƙasar nan mai tsakuwa ta koma baƙa wuluk, in ka dunƙula ta a hannu sai ta riƙe. Kabewa ta bi katakan tokari ta hau, ta lulluɓe bayan tashar da ganye. Ta gaba hoto, ta baya gona.

Tarapuri kuma ta yi ta girma ta hanyar da ba wanda ya zata. Da farko mutane ne ke leƙe ta ƙofa ko za su hangi jarumi. Mai gadi ya fara barin 'yan garinsu suna shiga. Masu wurin suka lura cewa masu leƙe sun fi masu fim yawa, sai aka buɗe tagar tikiti. Aka kawo jajayen bas marasa gilashi, kowace da mai bayani riƙe da lasifika. Aka yi lambuna, aka yi ruwa mai rawa in an sa kiɗa, aka yi otal na masu hali da na marasa shi. Aka yi titin da dama ƙasar Turawa ce, hagu kuma tsohuwar kasuwa. Akwai ginin da ta gaba asibiti ne, ta baya filin jirgin sama, har Mallesham yakan ce a nan ne kaɗai za a kwantar da kai da safe ka tashi a wata ƙasa kafin azahar. Daga baya aka zo da lilo iri-iri, da ɗakin ƙanƙara inda 'yan makaranta ke biya don su ji sanyi, abin da Sugunamma ba ta taɓa ganewa ba. Su kansu masu fim suka koma cikin wasu manyan zauruka masu koren kyalle, inda ake yin yaƙin duniya a ɗaki ɗaya, kwamfuta ta ƙara dawakai. Amma ko su, in sun gama, sai sun aiko a karɓi kabewa.

Mallesham ya bi zamani yadda ya zo. Ya tura jirgi, ya tura keken kyamara, ya yi shekaru yana sa kayan ɗan fashi a wasan da ake yi wa baƙi, ana harbe shi yana faɗowa daga rufi kan katifa safe da yamma. Sugunamma takan ce ba macen da ta yi takaba sau da yawa kamarta. Da bayansa ya fara ƙara, aka ba shi farar riga da hula da usur da koriyar tuta, ya zama shugaban tashar da jirgi bai taɓa zuwa ba. Amare da angwaye suna ɗaukar hoto da shi. Masu bayani a bas suna shirga ƙarya a kan tashar, wannan ya ce jaruma ta suma a nan, wancan ya ce aljanu ne suka hana rushe ta. Mallesham yana jin su, yana gyaɗa kai, wani lokaci har ya ƙara musu.

Kamar yawancin matan zamaninta, Sugunamma ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Da suna matasa "mai turi" take ce masa. Da gashi ya yi fari ta koma "tsoho". Shi kuma in yana son ya tsokane ta sai ya ce mata "jaruma".

Wata safiya tana tsugune tana ɗaga ganye tana duba 'ya'yan kabewa, sai ga Haritha ta zagayo da hular kwano a ka. Haritha 'yar marigayi Narsing ce, mai kula da fitilu. A bayan tashar nan ta yi rarrafe, a hannun Sugunamma ta koyi cin yaji, Mallesham kuma Tata take ce masa, wato kaka namiji. Yanzu ta yi karatu ta dawo, ita ke kula da sababbin gine-gine.

"Awwa, kin karya?"

"In kin fara da tambayar ciki, maganar ba mai daɗi ba ce. Zauna."

Haritha ta zauna a kan dutse, ta cire hular. Ta ce za a yi wani babban lilo na ruwa, wanda kwale-kwale ke hawa sama ya gangaro, kuma ramin ruwan a nan zai zauna. Tasha za ta tashi. An gaya wa kafintoci, dukkansu cikinsu ya murɗa rana ɗaya.

Sugunamma ta ce, "Allah sarki. Su sha ruwan tsamiya."

"Awwa, kabewa nake so. Ki zaɓo, Tata ya fasa, su samu lafiya."

Sugunamma ta dubi baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarta. Duk faɗin Tarapuri, nan ne kaɗai sauran inda ta san abin da ke ƙasa. Ko'ina an shafe da siminti ko an shimfiɗa ciyawar da ba akuyar da za ta ci. In tasha ta tashi, gonar ta tafi, ita kuma ta koma mai sayo kabewa a kasuwa kamar kowa.

Ta ce, "'Yar nan, ke 'yar Narsing ce, ba sai na koya miki ba. A kan me ake fasa kabewa?"

"A kan fim ɗin da aka gama."

"Wannan an gama shi?"

Haritha ta girgiza kai.

"To je ki gama shi, ki zo in ba ki wadda ta fi kowacce girma. Darakta ya mutu, mai fim ya mutu, jarumin kuwa an ce ko jikokinsa ba ya ganewa. Ki gaishe su."

Haritha ta sa hularta ta tafi. Sugunamma ta yini tana waƙa. Ta ɗauka ta rufe ƙofar da ba mai buɗewa.

Ba ta yi lissafi da bakin mijinta ba. Da la'asar Haritha ta tsaya a gaban tasha ta saya wa Mallesham shayi mai madara, ta zauna a benci kamar mai jiran jirgi, ta ce ya ba ta labarin fim ɗin sojan nan. Mallesham kuwa, in aka ba shi shayi aka ba shi kunne, har abin da ba a tambaya ba sai ya faɗa.

Ya ce, "Ai komai an ɗauka. Abu ɗaya ya rage, kuma ba jarumi a ciki, hannu ne kawai a taga. Jirgi ya tashi, mai gwaiba ta biyo."

"Wace ce mai gwaibar, Tata?"

Ya nuna bayan tasha da haɓa. "Ga ta can tana zagin tsutsa."

Kashegari Haritha ta dawo fuskarta fal murmushi. Ta ce tsofaffin faifan fim ɗin suna ɗakin tarihi, jikokin mai fim sun daɗe da bayarwa. Wani matashin darakta da ke aiki a zauren koren kyalle ya yarda ya ba da kyamara da mutanensa na safiya ɗaya. Shugaban kafintoci ya ce in aka ɗauki abin da ya rage, darakta ya ce ya isa, to fim ya ƙare, kowa cikinsa zai warware.

"Saura jaruma, Awwa."

Sugunamma ta gane wanda ya tona asiri. Ranar Mallesham ya ci shinkafarsa gaya, ba yaji, ba kindirmo.

Ya ce, "Ni fa tambayata aka yi."

"Da an tambaye ka ina nake ajiye 'yan kunnena, sai ka zana musu taswira."

"Shayin da daɗi ne."

"Ka sayar da gonar ubana a kan kofin shayi, tsoho. Ko biskit ba a haɗa maka ba."

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ci. Can ya ce a hankali, "Har yanzu in kina wanki ina jin kina faɗin maganar nan. Ka sauka lafiya, ɗan'uwa. Kin zaci ba na ji."

Ta buɗe baki za ta musa, sai ta tashi ta zuba masa kindirmo.

Gaskiya ce ya faɗa. Abu biyu ne suke ja mata zuciya, kowanne gefensa. Tana son gonarta. Tana kuma son, ko sau ɗaya kafin ta bar duniya, ta ga kanta a majigi, ita da ta rufe wa mutane fina-finai ba adadi ba ta fito a ko ɗaya ba. Kuma dokar da ta kafa da bakinta ce ta kama ta, ba ta da hanyar janyewa ba tare da ta zama mai magana biyu ba.

Da safe ta je gonar ta zauna a gindin dutse. Tana zaune sai ga wata babbar mota ta wuce a titi, ɗauke da rabin fadar sarki, hasumiya tana rangaji, za a kai ta wani gefen. Abin da take gani kullum ne. Ranar sai ta bi motar da kallo har ta sha kwana. Ta debi ƙasa a hannu ta dunƙula, ta dube ta, ta yi dariya ita kaɗai.

Ta yi wanka, ta sa furen yasmin a gashi, ta nufi ofishin Haritha, ta zauna a kujerar baƙi ta ɗora ƙafa kan ƙafa yadda ta ga manyan jarumai suna yi.

"An ce kuna neman jaruma."

Haritha ta danne dariya. "Haka ne, ranki ya daɗe."

"Jaruma ba ta fitowa sai da sharaɗi. Na ga wadda ta ce sai an kawo mata ruwan wanka daga garinsu, aka kawo."

"Faɗi naki."

"Fuskar tashar nan, in kun cire, ina za ku kai ta?"

"Wurin tara katakai."

"A'a. Ƙaramin jirgin nan naku mai ɗaukar baƙi daga ƙofa, a ƙarƙashin rumfar kwano yake tsayawa kamar mai sayar da rake. Ku kafa masa ita a can. Tsoho ya samu jirgin da zai ɗaga wa tuta kafin ya mutu."

Haritha ta jingina da kujera, tana tunani. "Wannan mai yiwuwa ne. Akwai fili a bayan rumfar ma."

"Shi nake nufi. Na biyu, ƙasata. Ku kwashe ta, tun daga sama har inda baƙinta ya ƙare, ku zuba min a bayan tashar a can."

"Awwa, ƙasa?"

"A garin da ake ɗaukar fada a mota, ƙasa ce za ta gagare ku? Ramin ruwa za ku haƙa, dole ku kwashe ta. Ni dai na faɗa muku inda za ku juye."

"Dutsen fa?"

Sugunamma ta ce, "Dutse ya zauna. Ya riga ubana zuwa. Ku dai kada ku yi masa fenti."

Ranar ɗauka gari ya waye tas, ba ko gajimare. An shafa wa ƙafafun taragon mai, an samo koren sari, an cika kwando da gwaiba. Baƙin da suka shigo da bas ɗin farko aka roƙe su su zama jama'ar tasha, suka yi ta murna suna gyara riguna. Matashin daraktan ya zo ya taɓa ƙafar Sugunamma, ya ce a yi masa addu'a, bai taɓa ƙarasa fim ɗin da ya girme shi ba. An zaɓi samari majiya ƙarfi su yi turi. An ce wa Mallesham ya tsaya a gefe da tutarsa.

Aka kunna ciyawa, hayaƙi ya tashi. Darakta ya ce a fara. Taragon ya yi ƙara, ya motsa, karo na farko tun Sugunamma tana budurwa. Hannu ya fito ta taga. Sugunamma ta taho da ɗan gudunta, kwando a ƙugu, gwaiba a hannu, maganar nan tana kan harshenta a shirye. Ta kai taga, ta miƙa, ta ɗaga kai. Sai idonta ya faɗa can ƙarshen taragon. Ga Mallesham ya yar da tuta, ya cusa kansa tsakanin samari, ya kafa kafaɗa yana turi, hula ta karkace.

"Kai tsoho, bayanka!"

Duk tashar ta ji, masu gadin ƙofa ma sun waiwayo. Hannun da ke taga ya karɓi gwaiba, jirgi ya wuce cikin hayaƙi, jama'a suka fashe da dariya. Darakta yana share hawaye ya ce ya isa.

Ya matso ya ce, "Awwa, a sake? Ki faɗi ta gaskiyar."

Ta dubi mijinta, wanda samari biyu suka riƙo, yana dafe da ƙugu yana washe baki kamar wanda ya ci kokawa. Ta dubi taragon da ya kai ƙarshen dogo.

Ta ce, "In aka sake, sai ya sake. Kawo kabewa."

Aka kawo wadda ta zaɓa tun jiya, babba, fara sol kamar an barbaɗa mata toka. Aka huda, aka zuba jan gari, aka kunna kafur. Aka miƙa wa Mallesham, ya gwada ɗagawa, bayansa ya ce a'a. Ya dubi matarsa.

"Jaruma, karɓi. Kin daɗe kina cewa ba na yi daidai."

Ta karɓa. Duk kabewar da ta shuka a rayuwarta, ba ta taɓa fasa ko ɗaya da hannunta ba. Ta zagaya kan darakta da ita, da kafintoci, da Haritha, da baƙin da ba su san me ake yi ba amma sun sunkuyar da kai, ta zagaya kan tsohonta, ta juya ta zagaya fuskar tashar. Sannan ta ɗaga ta maka da ƙasa. Ta tarwatse, ja ya fantsama har kan farar rigar shugaban tasha. Kafin tafi ya lafa, shugaban kafintoci ya zaro guduma daga ƙugu ya zare ƙusar farko.

Bayan 'yan kwanaki aka ɗora fuskar tashar a mota, wata motar kuma aka cika ta da baƙar ƙasa. Sugunamma ta tsaya a gindin dutse tana kallo. Da direban ƙasar ya tayar da inji, ta matsa ta dafa jikin motar ta ce a hankali, yadda ta daɗe tana shiryawa, "Ki sauka lafiya, 'yar'uwa." Sannan ta ɗaga murya ta ce wa direban in ya zubar mata ko cikin cokali a hanya sai ya dawo ya tsince.

Yanzu in ka shiga Tarapuri ta babbar ƙofa, a tashar nan za ka hau ƙaramin jirgi. Agogon har yau na fenti ne. A bango an kafa majigi, yana ta nuna wata tsohuwa mai koren sari tana gudu da gwaiba. Baƙi sun haddace maganar, duk jirgin da ya tashi sai ka ji yara daga taga suna ce wa shugaban tasha ya kula da bayansa, shi kuma ya ɗaga musu tuta yana ƙamewa. Sugunamma ta ce an ɗauke ta ta gefen da bai fi kyau ba, kuma hodar ta yi yawa. Amma duk wanda ya zo karɓar kabewa, sai ta zagayo da shi gaba ya kalla tukuna, sannan ta mayar da shi baya, inda ganye ya riga ya kai rabin katakai, ta ce ya tsaya nan kada ya taka mata ƙasa.